Gudajin jini a al'ada bayan shekara arba'in: shekaru ne ko cuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 46, ina zaune Jega. Haihuwata tara, bakwai na raye, autana shekararshi shida. Tun ina budurwa al'adata kwana biyar take yi, ba ta saɓa lokaci. Yanzu kusan shekara guda ke nan ta rikice. Wani lokaci ta zo sau biyu cikin wata ɗaya, wani lokaci ta ɗauke wata biyu har in zaci ciki ne, sannan ta ɓalle da gudaji manya kamar hanta, ta kai kwana goma sha biyu. Abokiyar zamana ta ce ɓari nake yi, innata ta ce dattin haihuwa ne ka fita, in ƙyale shi. Mai kemis ya ba ni ƙwayoyi, in na sha ya tsaya, in na bari ya dawo. Jiri nake ji in na miƙe. Mi ka kawo wanga abu? Kuma ya zan yi da salla?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin saƙonki shi ne jirin nan, ya ma fi gudajin. Macen da ta yi kwana 12 tana zubar da jini, ta miƙe ta ji gari na juya mata, mu a asibiti muna ɗauka jininta ya yi ƙasa har sai gwaji ya ƙaryata mu. Don haka tun kafin ki gama karanta wannan amsa ki tsayar da ranar da za ki je a ɗebi jininki a auna, kuma kada ta wuce makon nan. In kuwa yau ɗin nan jinin na cika auduga ko ƙunzugu duk awa ɗaya har awa biyu a jere, ko zuciya na bugawa da ƙarfi kina haki daga ɗaki zuwa madafi, ko kin taɓa faɗuwa, to ba maganar mako ba ce, yanzu za a kai ki.

Yanzu bari in yi miki bayanin abin da nake zaton yana faruwa, sannan in gaya miki dalilin da ya sa zatona kaɗai bai isa ba.

Yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa mace ta daina sai ta yi wata 12 cur ba ta ga ko ɗigo ba. Kafin a kai can akwai wani zango da ba a cika ba 'yan mata labarinsa ba. Yakan fara a tsakiyar shekarun arba'in, ga mata da yawa ya ɗauki kamar shekara huɗu, ga wasu ya ja har takwas ko goma. Ki ɗauke shi kamar ƙarshen damina a nan ƙasarmu: sai a yi kwana goma sama ta yi fayau har manomi ya ce ruwa ya ɗauke, sai dare ɗaya a sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya. Shekarunki da yadda kika kwatanta rikicewar sun yi daidai da wannan zango. Galibi yakan fara da matsowar kwanaki, wadda ta saba kwana 28 ko 30 tsakanin al'ada da al'ada ta koma ganin ta a 23 ko 24, shi ya sa take cewa ta zo mata sau biyu a wata. Daga baya sai tsallake, a yi kwana 60 ko fiye ba a ga komai ba.

Tushen abin yana cikin ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa. Da ƙwayayenta aka haifi kowace mace, ba a ƙara mata ko ɗaya, kullum raguwa suke yi. A shekarun ƙuruciya, kowane wata ma'ajiyar na fitar da wani sinadari mai suna istirojin, wanda aikinsa shi ne gina shimfiɗa a bangon mahaifa ta ciki don tarbar ciki. Idan ƙwai ya fita a tsakiyar wata, gurbin da ya bari sai ya fara fitar da sinadari na biyu, furojestaron. Shi wannan yana tsayar da ginin, ya daidaita shimfiɗar, in an yi kamar mako biyu ciki bai shiga ba ya janye, shimfiɗar ta zube gaba ɗaya cikin tsari, kwana huɗu ko biyar an gama. Al'adar da kika sani tun kina budurwa ke nan.

Ki tuna yaɓen ɗakin ƙasa. Istirojin shi ne mai ɗora yaɓe, furojestaron shi ne mai cewa ya isa haka, a shafe. A shekarunki, akwai watannin da ƙwai ba ya fita ko kaɗan, don haka mai cewa ya isa bai zo aiki ba, shi kuwa mai ɗora yaɓe bai fasa ba. Mutane da yawa sun ɗauka istirojin raguwa kawai yake yi a wannan lokaci, alhali hawa da sauka yake, wani watan ma ya zarce yadda yake a ƙuruciya. Yaɓe kan yaɓe, wata ɗaya, wata biyu, ke kina zaune kina lissafin ciki. Ran da bangon ya kasa ɗauka sai ya fara zubowa falle-falle, nan ya zube can bai zube ba, shi ya sa jinin yake yawa kuma yake jan kwanaki. Wata biyun nan da al'adarki ke ɗaukewa da ɓallewar da ke biyo baya, abu ɗaya ne, na farko ne ya haifi na biyu.

To gudajin fa? Duk wadda ta tsaya wurin yankan ragon layya ta ga yadda jini ke daskarewa a ƙasa kafin a gama fiɗa. Ɗabi'ar jini ke nan idan ya fita daga jijiya. Jinin al'ada yana fitowa ruwa-ruwa ne saboda mahaifa na sakin wasu sinadarai masu narkar da shi. Amma abin narkarwar yana da iyaka. Kamar damun kunu ne, in kin zuba gasara a hankali kina juyawa sai ya yi sumul, in kin kifa ta gaba ɗaya sai gudaji. Jini ya zo da gudu ya fi ƙarfin mai narkarwa, ko ya taru a cikin mahaifa ko farji kina kwance da dare, da kin miƙe sai ki ji ya sulluɓo. Duhun launinsa da kamarsa da hanta ba alamar ruɓa ba ne, haka jinin da ya ɗan zauna yake komawa. Wani lokacin ma har da ɓallin shimfiɗar mahaifar a ciki, shi ne ake ganin kamar tsoka.

Saboda haka gudaji a kan kansa ba cuta ba ne. Ma'auni ne da ke gaya mana yawan jinin da saurin zubarsa. Ƙananan gudaji kamar ƙwayar wake ko gyaɗa a rana ta farko da ta biyu, mata da yawa suna ganin su duk rayuwarsu lafiya lau. Wanda muke kula da shi shi ne wanda faɗinsa ya kai santimita 2 da rabi, wato kusan murfin kwalbar lemo, musamman in yana maimaituwa. Naki da kika ce manya kamar hanta sun wuce nan.

Mata kan yi mamaki in na gaya musu cewa jinin al'ada na lafiya, daga farkonsa har ƙarshe, yawanci mililita 30 zuwa 40 ne, babban cokali biyu zuwa uku. In ya haura mililita 80 ya shiga sahun mai yawa. Ba wadda za ta zauna tana awo da cokali, don haka tambayoyin da muke yi su ne: kina canza auduga ƙasa da duk awa biyu? Kina haɗa auduga da ƙunzugu, ko ki ninka zani? Kina tashi cikin dare ki canza, ko ki wayi gari katifa ta ɓaci? Ya wuce kwana bakwai? Ya hana ki zuwa biki, makarantar Islamiyya ko kasuwa don tsoron tashi daga kan tabarma? Wannan ta ƙarshe ni ta fi gaya mini gaskiya, don macen da ta daina zuwa sunan 'yan uwa saboda al'adarta ba ta bukatar wani ma'auni.

Sai maganar abokiyar zamanki da ta innarki, don duka biyun ina jin su kusan kullum a ɗakin duba marasa lafiya.

Maganar ɓari ba abin dariya ba ce. Mace mai shekara 46 da ba ta cika wata 12 da ɗaukewar al'ada ba tana iya ɗaukar ciki, ko da yake ba kamar da ba, kuma cikin da aka samu a wannan shekaru ya fi saurin zubewa. Akwai kuma cikin da ke zama a wajen mahaifa, da wani irin ciki marar jariri mai fitowa kamar 'ya'yan inabi, wanda ya fi samun mata a farkon shekarun haihuwa da ƙarshensu. Shi ya sa gwajin farko da za a yi miki, komai shekarunki, gwajin ciki ne na fitsari. Ana sayar da tsinken a kemis da kuɗi kaɗan. Duk lokacin da ta ɗauke miki ta wuce mako shida ki gwada, ki huta da zullumi. Amma ɓari bayan ɓari duk wata biyu har shekara guda, da wuya. Na ga matan da suka shekara biyu suna kukan 'ya'yan da ba su taɓa ɗauka ba, ana ta neman maganin riƙe ciki, ana zargin wannan da wancan a cikin gida, alhali shimfiɗar mahaifa ce ke zubowa. Haka nan zancen kwantaccen ciki: in al'ada ta ɗauke, mara ta ɗan taso, aka ce ciki ne ya kwanta shekara uku, sau da yawa in an ɗora na'urar hoto ƙarin mahaifa ake tararwa.

Ita kuwa Inna, Allah ya ja kwananta, a nan ba zan bi ta ba. Babu wani dattin haihuwa da ke zama a mahaifa shekara shida yana jiran ranar fita. Abin da ke zuba jininki ne mai kyau, irin wanda ake neman 'yan uwa su zo su bayar leda-leda in an kwantar da mutum. Wannan fahimta ta cewa mugun jini ne gara ya fita ita ce ke sa mata su zo mana a makare, wasu ma har su sha jiƙe-jiƙen da za su ƙara kore shi.

Na taɓa karɓar wata baiwar Allah mai sana'ar turara shinkafa, ta shigo da ƙafarta, ɗanta ne ya matsa mata. Ƙorafinta kasala ce kawai da son tauna ƙanƙara da farar ƙasa. Da na ja fatar idonta ƙasa, fari fat kamar takarda. Sai da na tambaya sau uku kafin ta ambaci al'ada, don a ganinta wannan ai shekaru ne, ba abin kawo wa likita ba. Jininta bai kai rabin na mai lafiya ba. Jiki yana da haƙuri, in jini na raguwa a hankali sai ya saba, mace ta ci gaba da daka da ɗiban ruwa har ranar da zazzaɓin cizon sauro ko wata al'ada mai nauyi za ta ƙarasa kayar da ita. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ba ta da ciki in himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke ba jini jan launinsa, ya gaza giram 12 a kowace desilita tana da ƙarancin jini. A asibitocinmu an fi yin awon da ake kira PCV, wanda in ya yi ƙasa da kashi 36 cikin ɗari ya nuna haka. Ki nemi a gaya miki lambarki, ki rubuta ta.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce zatona bai isa ba. "Shekaru ne" hukunci ne da ake yankewa bayan an duba an kore sauran abubuwa, don shekarun da ƙwai ke fara tsallake wata su ne kuma shekarun da wasu cututtukan mahaifa suka fi bayyana, kuma alamarsu iri ɗaya ce.

Wanda ya fi yawa shi ne ƙarin mahaifa da ake kira faiburod. Tsiro ne na tsokar mahaifa, ba ciwon daji (kansa) ba ne, kuma ya fi samun mata baƙaƙen fata fiye da sauran jinsi. Girman ƙarin bai kai wurin da ya tsira muhimmanci ba: ƙarami kamar goro da ya leƙo cikin kogon mahaifa yana iya zubar da jinin da babba kamar goruba a bayan mahaifa ba zai zubar ba. Istirojin ke ciyar da shi, don haka yakan motse bayan al'ada ta ɗauke, abin da ke sa wani lokaci mu taimaki mace da magani ta ƙetare 'yan shekarun da suka rage ba tare da an yi mata aiki ba. Akwai wani ciwon daban wanda shimfiɗar ke kutsawa cikin tsokar mahaifar kanta, mahaifa ta kumbura, al'ada ta zo da ciwon mara mai tsanani da gudaji. An fi ganinsa ga matan da suka haihu da yawa kuma suka haura arba'in, don haka ke ma za a duba shi. Akwai kuma 'yar tsoka mai reto a cikin mahaifa ko bakinta, wadda cire ta ba wuya.

Biyu ne nake so ki ji da kyau. Na farko, yaɓen nan da na kwatanta, in ya daɗe yana hawa ba mai tsayar da shi, ƙwayoyin halittarsa na iya fara sauya kama, wani nau'insa kuma in an bar shi yana iya rikiɗewa ya zama kansar cikin mahaifa. Haɗarin ya fi ga mai ƙiba, don kitsen jiki ma yana ƙera istirojin, da mai ciwon suga. Shi ya sa ƙa'idar likitocin mata ita ce, mace mai shekara 45 zuwa sama da jininta ya rikice irin haka a ɗebo ɗan samfurin shimfiɗar a kai ɗakin gwaji. Da siririn bututu kamar tsinken shan lemo ake yi, minti kaɗan, da ɗan murɗawar mara. Ba wankin ciki ba ne. Na biyu, kansar bakin mahaifa, wadda a Nijeriya ita ce ta biyu wajen yawa ga mata bayan ta nono. Alamarta jini bayan saduwa, ɗigo tsakanin al'ada da al'ada, ko ruwa mai wari da bai jin magani. Hoton ciki ba ya ganin farkonta, sai an duba da ido, a shafa ruwan gwaji ko a ɗebi samfuri. Na san nauyin da ke cikin wannan dubawa, kuma kina da damar ki ce ma'aikaciya mace kike so. Amma kada ki yarda a rubuta miki magani a sallame ki ba wanda ya duba bakin mahaifarki. Tun da maganar ta zo: a 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa wannan kansa kyauta a ƙasar nan. In kina da ɗiya ko jika a wannan shekaru, ki tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku.

Sauran abubuwan da ake tambaya ba su kai waɗannan yawa ba: matsalar ƙululun wuya da ke kawo maƙoƙo, robar tazarar haihuwa mai jan ƙarfe, allurar wata uku, magungunan tsinka jini. Ga mutanen bakin gulbi, Argungu, Yawuri da ƙauyukan fadama, muna tuna tsargiya, don ba fitsarin jini kaɗai take sawa ba, tana taɓa bakin mahaifa ta sa ɗigon jini. Kuma ki lura da maganin ciwon kai da ciwon jiki da kike sha. Asfirin na ƙara zubar jini, kuma yana cikin garin ƙulli irin su Alabukun.

Ƙwayoyin mai kemis, daga yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton irin Primolut N ne, wanda mata suka sani da maganin ɗage al'ada lokacin aikin Hajji ko azumi. Ɗan uwan furojestaron ne, shi ya sa yake tsayar da jinin, kuma da an daina shi da kwana biyu ko uku jini ke zuwa, haka aka yi shi. Mu ma muna ba da shi, amma da lissafin kwanaki, kuma bayan an san abin da ake magani. Sha yau a bari jibi yana ƙara rikita mahaifa, sannan ya rufe alamar da ya kamata ta kai ki asibiti tun bara. Ki tafi da kwalinsa a gani. Kuma in wani ya ce zai yi miki allurar tsayar da jini ta masu haihuwa, kada ki karɓa, akwai irinta da ke harba hawan jini.

Magani akwai shi, kuma yawancin mata ba sa kai wa ga tiyata. Akwai ƙwayar tiraneksamik asid, wadda ba ta taɓa istirojin ko furojestaron, tana rage narkewar jinin ne a wurin da yake tsattsafowa. Ana shan giram 1 sau uku a rana a kwanaki uku ko huɗun da jini ya fi ƙarfi kaɗai, kuma tana rage zubar sosai. Ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiyar ƙafa ko huhu. Mefenamik asid da ibufurofen suna rage zubar jini da ciwon mara tare, amma ba na mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba ne. Akwai furojestaron na sha bisa tsari. Wanda ni na fi so ga mace irinki, in gwaji ya fito lafiya kuma ƙari bai karkatar da kogon mahaifa ba, shi ne robar cikin mahaifa mai sakin sinadari a hankali, irin Mirena. Ba irin mai jan ƙarfen ba ce, ita waccan ƙara zubar jini take yi. Wannan tana sirantar da shimfiɗar, jini ya ragu ƙwarai bayan 'yan watannin farko na ɗige-ɗige, ta kare mahaifa daga yaɓe kan yaɓe, ta hana ciki, kuma tana shekaru a wurin, sau da yawa har ta raka mace ƙarshen zangon. Matsalarta tsada, kuma ba ko'ina ake samunta ba. Cire ƙari ko cire mahaifa gaba ɗaya na nan ga wadda magani ya gaza mata ko gwaji ya nuna haɗari. In an kai nan, ki sani cire mahaifa ba ya hana zaman aure, tambayar da mata ke jin kunyar yi, mazan kuma su yi ta a bayan ƙofa.

Maganin ƙarin jini kuwa kusan tabbas za a ba ki. Ƙwayar ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi, mai sauƙin kuɗi ta wadatar, ba sai tonik mai kwalba mai tsada ba, wanda sau da yawa abin da ke cikinsa bai kai na ƙwayar ba. Za ta baƙanta bayan gida, wannan ba komai. Kada ki haɗa ta da shayi ko madara, suna hana hanji tsotse ta, ki ba da tazarar awa biyu. Ki kora da ruwa, in da lemu ko gwaba ki bi da su. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina da zarar jiri ya tafi. Ana ci gaba da ita kamar wata uku bayan lambar jini ta dawo daidai, don a cika rumbun da ya ƙare. Hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo duk su shiga tukunya, amma zogale kaɗai ba zai cike ramin da ake haƙawa kowane wata ba. Maltina da madara kuma, duk da sunan da suka yi a ɗakin masu jego, ba sa ƙara jini.

Batun salla, ni likita ce, hukuncin na malamai ne, amma abin da muka karanta a Ahalari tun muna yara ya amsa babban ɓangarensa. Mace mai sananniyar al'ada tana zama kwanakinta da ta saba, in jini ya zarce ta ƙara kwana uku, muddin jimillar ba ta wuce kwana 15 ba. Abin da ya biyo baya istihala ne, ta yi wanka ta yi salla ta yi azumi ko da jinin na zuba. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu a mazhabarmu kwana 15 ne, kuma jinin da ke zuwa yana yankewa akwai yadda ake harhaɗa kwanakinsa. Ke da kwanakinki ke canzawa kowane wata, ki zauna da malamar Islamiyyarku da lissafinki a hannu ta warware miki dalla-dalla. Abin da zan ƙara nawa shi ne, lokacin da Fatima 'yar Abu Hubaish ta kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kukan jinin da ba ya yankewa, ya gaya mata cewa wannan jijiya ce, ba haila ba. Jinin da malama ta ce miki na istihala ne, shi ne dai jinin da likita ke son gani. Game da azumi kuma, in awo ya nuna jininki ya yi ƙasa sosai, ki tambayi likitan da ya duba ki kafin ki fara ramuwa a wannan hali.

Wasu baƙin na iya biyowa a wannan zango, don kada su zo ki tsorata: zafi mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska na 'yan mintuna, gumin dare ko da sanyin hunturu, rashin barci, saurin fushi, mantuwa, bushewar gaba. A zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu da wuya mace ta bambance nata da na gari, sai Disamba ta zo ta ga ita kaɗai ke fifita. Ba aljani ba ne, ba sammu ba, kuma akwai taimako in sun matsa. In ba kya son ƙarin haihuwa, ana ci gaba da kariya har shekara biyu bayan al'adar ƙarshe ga wadda ba ta kai 50 ba, shekara ɗaya ga wadda ta haura. Ranar da kika cika wata 12 ba jini kuwa, duk abin da ya sake fitowa bayan nan, ko ɗigo ɗaya ne ruwan hoda, ba al'ada ce ta dawo ba. Kusan mace ɗaya cikin goma masu irin wannan jini ana samun kansar mahaifa, wadda in an kama ta da wuri ana warkewa. Ki gaya wa yayyenki da Inna ma.

Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke a yi gwajin ciki, awon jini, awon hawan jini da suga, da hoton mara. In ana bukatar likitan mata da ɗiban samfuri, Jega zuwa Birnin Kebbi ba nisa, akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin koyarwa na tarayya. Kafin ki tafi, ki samu kalanda ko bayan littafin yaro ki rubuta abin da kika iya tunawa na wata uku ko huɗu: ranar da jini ya fara, ranar da ya ɗauke, auduga nawa a ranar da ya fi yawa, girman gudajin, da ranakun da kika sha ƙwayar kemis. Ki je ko da jinin na zuba, ba sai kin yi tsarki ba, mata da yawa suna ɗage zuwa saboda wannan har wata ya zagayo. Kuma ki tafi da wani babba daga gida wanda zai iya ba da jini in an nema.